Harawa Kafin Hatsi: Yadda Ake Ciyar da Doki da Kula da Shi a Gida

Idan Sallah ta rage wata guda, duk bargar da ka leƙa a Kano, Katsina, Zariya ko Damagaram za ka tarar an ƙara wa dawaki awo. Mai doki yana so ranar hawa a ga ingarmansa ya cika sirdi, gashi na sheƙi. Dokin da ya shekara yana cin mudu guda, sai a wayi gari ana zuba masa uku. Daga nan ake fara jin labari maras daɗi: doki ya kwana yana birgima, ko ya tsaya ƙiƙam ya kasa taka ƙafafun gaba. Mai shi ya ce baki ne ko sammu, alhali dawar da ya zuba da hannunsa ce.

Dalilin yana cikin halittar dokin. Duk girmansa, tumbinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da lita 8 zuwa 15. Ba ya tuƙa kamar saniya, kuma ba ya amai, abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya. Ciyawa tana narkewa ne a babban hanjinsa, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke sarrafa ta a hankali. Idan hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, wani kaso yana zarcewa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, ya kashe waɗannan halittu, iska ta taru, guba ta shiga jini. An halicci doki ne don ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, kuma aikin mai kiwo shi ne ya kwaikwayi wannan a bakin turke.

Mataki na farko: ka san nauyin dokinka

Ba sai da sikeli ba, tef ɗin tela ya isa. Ka zagaya ƙirjin dokin ta inda majayi ke bi, daf da bayan ƙafafun gaba, ka rubuta santimita nawa. Sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Awon ƙirjin ka ninka shi da kansa, ka sake ninkawa da tsawon, ka raba da 11,900. Misali ƙirji 165, tsawo 140: lissafin zai ba ka kilo 320 ko kusa da haka. Dawakinmu na gida, irin ɗan Arewa da na Barno, galibi tsakanin kilo 300 da 400 suke, ba su kai manyan dawakin folo da ake shigowa da su ba.

A yini doki yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Mai kilo 320 ke nan kilo 6 da ɗan wani abu. A cikin wannan, aƙalla kilo 5 ya zama harawa da ciyawa, ragowar ne hatsi da dusa. Mudu kuwa ya bambanta daga gari zuwa gari, kuma mudun dusa bai kai mudun dawa nauyi ba. Ka ɗauki kwanon da kake awo da shi ka kai wurin mai sikeli sau ɗaya, ka auna cikinsa na dawa da na dusa, ka kuma auna damin harawa guda. Daga ranar ka huta da kirdado.

Bayan tef sai hannu. Ka shafa haƙarƙarinsa duk mako: idan kana jin ƙasusuwan da ɗan dannawa amma ba ka ganinsu daga nesa, dokin yana daidai. Idan ana ƙirga su da ido ya rame. Idan ka danna ba ka ji komai ba, wuya ya yi tozo, bayansa ya yi kwari a tsakiya, to ƙiba ta yi yawa, kuma ƙibar da 'yan kallo ke yabawa ranar hawa nauyi ce a kan kofato.

Mataki na biyu: harawa da ciyawa

Nan ne gindin kiwon, nan ne kuma kuɗin yake. Wanda zai riƙe doki ya sayi harawarsa da kaka, lokacin da manoma ke roron wake da cirar gyaɗa, ya tara ta shekara. Wanda ya bari sai bazara zai saya da tsada, kuma abin da zai samu kara ne da ƙura. Lissafin mai sauƙi ne: kilo 5 a yini, wata bakwai ko takwas na rani, ya haura tan ɗaya ga doki guda.

Harawa mai kyau tana da ganye, launinta na da sauran kore, tana ƙanshi. Ka cusa hannu tsakiyar damin ka zaro, ka shinshina. In ka ji warin ruɓa, ko ka ga baƙi-baƙi da farin fumfuna, ruwa ya dake ta, kada ka saya ko da rabin kuɗi ne. Akuya za ta iya tsallake irin wannan, doki kuwa tari da ciwon ciki zai jawo masa. Wurin ajiya ya zama ba a ƙasa ba, a kan rumfa ko katako, a rufe daga sama, iska na ratsawa. Masu ɗora ta a kan soro ko bishiya su sauke kafin ruwan farko.

Harawar wake da ta gyaɗa duka suna gina jiki, suna kuma da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Amma harawa zalla ta yi wa dokin da ba ya aiki ƙarfi, za ka ga yana yawan fitsari mai wari. Gara a haɗa ta rabi da rabi da busasshiyar ciyawa irin su harkiya ko kyasuwa da aka yanka kafin ta tsufa. Ta gyaɗa tana zuwa da ƙasa a jijiyoyinta, sai an kakkaɓe. Kuma kada a zuba abinci a kan rairayi. Doki yana haɗiye yashi kaɗan-kaɗan tare da ganyen da ya kakkarye, yashin ya kwanta a hanji wata da watanni, ranar da zai toshe ba sallama. Kwami, ko rabin durom da aka goge bakinsa ya daina kaifi, ko tsohuwar tayar mota da aka shimfiɗa wa buhu, duk sun wadatar. In kana shakka, ka ɗebi kashinsa wanda bai taɓa ƙasa ba ka dama a bokitin ruwa, ka bar shi ya kwanta, ka tsiyaye: in akwai yashi za ka gan shi a gindin bokitin.

Da damina ɗanyar ciyawa tana sauƙaƙa aljihu, sai dai a shiga da ita sannu. Sabuwar ciyawar farkon ruwa kusan duk ruwa ce, in aka sake wa doki ita rana ɗaya zawo zai yi. A fara da runguma guda tare da harawarsa, a riƙa ƙarawa har kwana goma. Yaron da ke yankowa a ja masa kunne kan abu uku: kada ya yanka a gefen gonar da aka yi wa feshin kashe ciyawa, kada ya bar ta a ƙunshe cikin buhu har ta yi zafi, kuma kada ya kuskura ya haɗo da gyauron dawa ko ƙaramar dawar da fari ya taɓa, domin gubarta na kashe dabba cikin ɗan lokaci. A kuma tsince leda, ko a ina take a bargar.

Mataki na uku: hatsi da dusa

Hatsi na dokin da ke aiki ne, da godiya mai shayarwa ko mai tsohon ciki, da duƙushin da ke tasowa. Ingarman da ke tsaye a turke mako guda ba a ɗora masa sirdi ba, harawa mai kyau da ɗan kwanon dusa sun ishe shi.

Dawa, musamman ƙaura, ita aka saba da ita, sai gero da masara. Ƙwayar dawa da ta gero ƙanana ne masu tauri, doki mai haɗama yana haɗiye su ba tauna. Ka duba kashinsa, in ka ga kaji sun yi dafifi suna tsattsagar ƙwaya, kuɗinka ne suke ci. Maganin shi ne a ɓarza a inji, ko a jiƙa na wasu awoyi a tsane. Jiƙon na ci ɗaya ake yi, domin da zafin bazara wanda ya kwana ya yini tsami yake yi. Masarar da ta yi fumfuna kuwa haram ce ga doki, gubarta ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ba ta da magani.

Ƙa'idar awo: a ci ɗaya kada hatsi da dusa a haɗe su wuce rabin kilo ga kowane kilo 100 na nauyin dokin. Ga mai kilo 320, kilo ɗaya da rabi ne iyaka. In aikinsa ya yi yawa har yana bukatar kilo 3 a yini, ban da harawarsa, a raba biyu ko uku. Kullum harawa ke fara shiga, bayan rabin awa hatsi ya biyo. Duk canjin da za a yi, ƙari ne ko sauya dawa da masara, a shimfiɗa shi a kan kwana 7 zuwa 14. Ranar da doki bai fita ba a rage hatsin da rabi. Wanda aka ci gaba da cika wa kwano yana hutu, ranar da aka hau shi tsokar cinyoyinsa na iya ɗaurewa, ya jiƙe da gumi, fitsarinsa ya yi duhu.

Dusa tana da arha, doki na sonta, shi ya sa ake wuce gona da iri. Tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Dokin da aka riƙe da dusa da hatsi ba harawa, jikinsa yana zaro kalsiyam daga ƙashi, a hankali ƙasusuwan fuska su kumbura, ya riƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. Harawar wake da ta gyaɗa su ke daidaita wannan. A yayyafa wa dusar ruwa kafin a ba shi saboda ƙura da shaƙewa.

Abincin kaji na kamfani da na turkar shanu kada su kusanci doki. Wasunsu ana sa musu wani magani mai suna monensin, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke lalata zuciyar doki. Ɗakin da buhunan hatsi suke a sa masa sakata. Dokin da ya tsinke da dare ya samu buhun dawa a buɗe ba ya sanin ya ƙoshi.

Mataki na huɗu: ruwa, gishiri da kanwa

Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a yini, da zafin Afrilu ko bayan aiki ya zarce haka. Shayarwa sau biyu ta yi kaɗan ga mai cin busasshiyar harawa. In da hali ruwa ya zauna a gabansa a inuwa, in babu, a kai masa sau huɗu, kuma kafin hatsi. Da hunturu ya fi kamata a sa ido: ruwan da ya kwana a waje yana yin sanyi ƙarara, doki ya rage sha, harawa ta cushe a hanji. A surka masa da ɗumi da safe. A wanke mazubin kullum, domin doki na ƙin ruwan da ya yi gansakuka.

Gishiri cokali biyu na cin abinci a dusa kowace rana, ko a rataye masa dunƙulen lasa. Jar kanwa tsohuwar al'ada ce a bargoginmu, kuma ba na cewa a daina. Amma ba ta maye gurbin gishirin da ke fita da gumi, kuma in ta yi yawa zawo take sawa. A jiƙa kaɗan a bokiti dabam, ga kuma farin ruwa a gefe, ya zaɓa da kansa.

Mataki na biyar: tsarin yini da wurin kwana

Da asuba ruwa, harawa, sannan hatsi. Da hantsi a fita da shi, ko a hau ko a ja, amma sai an yi awa guda da gama cin hatsi. Da azahar ruwa da harawa a inuwa. Da la'asar kilisa in rana ta yi sanyi. Bayan magariba hatsi na biyu, sannan kaso mafi yawa na harawar, saboda dare na da tsawo, kuma tumbin doki ba ya daina fitar da ruwan tsami ko babu komai a ciki. Yawan zama da yunwa shi ke kawo masa gyambon ciki. Lokutan nan a riƙe su, doki ya san agogonsa.

Fita kullum wajibi ce, ko ta minti 30. Hanjin doki da tafiya yake motsi, kuma ingarman da ya yi kwanaki a turke shi ne ke cizon ɗan barga. Wurin ɗaurin ya kasance da rumfa, ƙasan ya ɗan gangara don fitsari ya wuce, a kwashe kashi safe da yamma a kai nesa. Igiyar roba siririya tana yanka ƙafa, a yi amfani da mai taushi, a naɗa tsumma, a riƙa sauya ƙafar ɗaurin. Ɗauri da ragama ya fi ɗaurin ƙafa lafiya.

Mataki na shida: kofato, haƙora da baya

Kowace safiya a ɗaga ƙafafu huɗu a sakace kofato da ƙarfe maras tsini, daga dunduniya zuwa gaba. Ana neman tsakuwa, ƙusa da baƙin ruwa mai ɗoyi, wanda ke nuna ruɓa saboda tsayuwa a fitsari. Duk mako 6 zuwa 8 a kira mai gyaran kofato ya datse.

Haƙoran doki ba sa daina fitowa, gefensu yana yin kaifi ya yanki kunci. Alamar ita ce yana zubar da abinci dunƙule-dunƙule, yana ramewa alhali yana ci, ko yana fizgar kai in an sa linzami. Likita na goge su da magagari, sau ɗaya a shekara ya isa. A goge jikinsa da buroshi kafin sirdi da bayansa. Zubka ta zama busasshiya mai tsabta. In baya ya yi miki a wanke da ruwan gishiri, a ajiye sirdi sai ya warke. Baƙin man mota da wasu ke shafawa ƙona naman yake ƙara yi.

Mataki na bakwai: tsutsa, kaska da rigakafi

Maganin tsutsa na dawaki, irin wanda ake matsawa a baki kamar aibamektin ko fenbendazol, ana bayarwa ne gwargwadon nauyi, ga amfanin awon tef ɗin nan. An fi bukatarsa a farkon damina da ƙarshenta. In akwai asibitin dabbobi kusa, a kai kashin a duba kafin a saya.

Kaska na ɓuya a kunne, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi, kuma tana sa zazzaɓin da ke shanye jini. A cire da hannu kullum. A nan akwai kuskure mai kisa: maganin wankan shanu mai amitraz yana tsayar da hanjin doki. Ka karanta jikin kwalbar, in ka ga wannan suna ka mayar wa mai shago.

Doki na cikin dabbobin da cutar sarƙewar haƙora ta fi kamawa, kuma ƙusa ɗaya a kofato ta isa. Rigakafinta allura biyu ce, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, sannan a riƙa sabuntawa. Daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta akwai annobar dawaki da ƙyashi ke yaɗawa tsakanin magariba da asuba: ramin saman ido ya kumbura, numfashi ya yi wuya, kumfa ta fito ta hanci, kuma akasarin waɗanda ta kama ba sa tashi. A shigar da doki ɗaki mai raga kafin faɗuwar rana, a yi hayaƙi, a tambayi likita batun rigakafi tun kafin ruwa ya sauka. Sabon doki daga kasuwa, ta Maigatari ce ko ta Mai'aduwa, a ware shi mako biyu zuwa uku da bokitinsa dabam. Murar dawaki da ta ratsa Sakkwato da Jamhuriyar Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, ta kashe jakuna masu yawa, ta numfashi da cuɗanya take yaɗuwa.

Ka san lafiyayyen dokinka tun kafin ya kwanta: zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Salsiyas, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16 a minti, dasashi jaja-jaja mai danshi.

Idan ciki ya murɗa

Doki zai bar abinci, ya riƙa kartar ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayar cikinsa, ya kwanta ya tashi, kashi ya ragu ko ya tsaya. Ka kwashe duk abincin da ke gabansa, ka bar ruwa, ka kira likita nan take, ka riƙa jan sa a hankali in yana iya tafiya. Kada a ɗaga kansa a ɗura masa mai ko ruwan kanwa da kwalba, balle ta hanci, domin huhu yake zarcewa. In bugun zuciya ya haura 60, gumi na zuba, dasashi ya yi ja wur ko ya yi duhu, abin ya yi tsanani, ba a jiran gari ya waye.

In kuma ya tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya mayar da nauyi baya, kofato ya yi zafi, wannan kumburin cikin kofato ne, kuma yawanci hatsi ne sila. Shi ba a jan sa yawo. A tsayar da shi a wuri mai laushi, a sa ƙafafun a ruwan sanyi, da ƙanƙara in da hali, a yanke hatsi gaba ɗaya har likita ya iso.

Shirin hawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hawan Daushe ko na Nassarawa awoyi ne a rana, da kaya masu nauyi, a kan kwalta. A fara shiri mako 6 zuwa 8 kafin Sallah: tafiya ta minti 30, a riƙa ƙarawa, sannan sassarfa, a saba masa da kayan da zai ɗauka. Hatsi yana ƙaruwa ne bayan aiki ya ƙaru, ɗan kaɗan duk kwana uku. Gyaran kofato a yi shi da saura mako biyu, kada ya fita da sabon yanka.

Ranar hawa a ba shi harawa da ruwa da sassafe, hatsin ya zama kaɗan, awa uku kafin a ɗaura sirdi. A sa yaro ya bi da jarka, duk inda aka tsaya a ba shi ya kurɓa. Hana doki ruwa wai don kada ya yi nauyi zalunci ne, kuma shi ke sa wasu faɗuwa a tsakiyar hanya. An dawo gida, a sassauta majayi, a sauke kaya, a kwarara masa ruwa a wuya, ƙirji da tsakanin cinyoyi, a ja shi yana tafiya yana sha kaɗan-kaɗan har numfashinsa ya daidaita. Harawa ta fara, hatsi sai bayan awa guda. Kafin ka kwanta ka duba bakinsa inda linzami ya zauna, ka shafa bayansa, ka taɓa kofato huɗu ka ji ko akwai zafi, domin gobe ma akwai wani hawan.